Sararin da Ya Maimaita Kansa

"Yaya Lukuman, kashe motar nan! Kashe ta, na ce!"

Bara'atu ta fito daga zaure a guje, ƙafa ba takalmi, mayafi ya zame zuwa kafaɗa, hannunta riƙe da wasu jiƙaƙƙun takardu biyu da suka manne da juna. Lukuman, yayanta, ya riga ya sa giya. Ya taka birki har tsohuwar Fijonsa ta yi tsalle cikin taɓon da ruwan safe ya bari a layinsu na Tudun Wada.

"Mi ya faru? Inno ce?"

"Inno lafiyarta lau. Miƙo min jakar faya-fayan kwamfutar nan. Ba inda za su."

"Ke, Bara'atu! Na ɗauki hutu wurin aiki, na kwana layin mai, kin hana ni barci wata guda da zancen Kano, yanzu kuma ki ce ba inda za su?"

Ta ɗaga takardun biyu sama ta saitin rana. Iska ce ta feso ruwa ta taga ya jiƙa su, har ana hango ta ƙasa ta cikin ta sama. Kowacce cike take da ɗige-ɗige baƙaƙe, manya da ƙanana.

"Wagga ta makon jiya ce, ta ƙasan kuma ta watan jiya. Duba nan. Ɗigo nawa ka gani?"

"Ɗaya."

"Biyu ya kamata ka gani, kowanne a wurinsa daban. Duba ko'ina. Kowane ɗigo ya hau kan ɗan'uwansa. Yaya, takarda ɗaya ce sau biyu."

Shekara biyu ke nan da Bara'atu ta baro ƙasar waje, inda ta yi karatun ilimin taurari, ta dawo Gusau saboda ciwon ƙafar da ya kwantar da mahaifiyarsu Inno. Ta kama koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Mutane suka ɗauka zancen taurari ya ƙare, amma Farfesan da ya koyar da ita bai yar da ita ba. Ƙungiyarsa ta samu izinin amfani da wani katafaren madubin hangen nesa da ke kan dutse a Kudancin Amurka, na 'yan darare kaɗan. Abin da suke farauta shi ne garkunan taurari. Ranarmu da duk taurarin da ido ke gani garke ɗaya ne, bayansa kuwa akwai wasu garkunan da ba su ƙirguwa. Haske tafiya yake yi kafin ya iso, saboda haka wanda ya hango garke mai nisa sosai, ya gan shi ne yadda yake tun sararin samaniya yana ɗanye.

Tambayar da ta raba kan ƙungiyar ita ce: a zuba wa wuri ɗaya ido dukkan dararen, har a ga garkunan da suka fi dusashewa, ko a raba dararen wurare daban-daban? Idan ko'ina sama kusan iri ɗaya ce, wuri ɗaya ya isa. Idan wani wurin cunkushe yake, wani kuma fayau, to wanda ya dogara da wuri ɗaya zai ba duniya labarin ƙarya.

Wannan tambayar aka damƙa wa Bara'atu. Ta rubuta wani shiri na kwamfuta da ke gina sararin gwaji. Yakan zuba garkuna tun daga ƙananan na farkon zamani har zuwa manyan na kusa, ya tara wasu wuri guda kamar rugage, ya rage wa na nesa haske, sannan ya ƙirga nawa madubin zai iya gani. Idan aka gina irin wannan sarari da yawa aka gwada su, amsa za ta fito. Kwamfutarta ɗaya ba za ta iya ba, sai ta roƙi aron na makarantar koyon buga takardu ta Hajiya Hadiza a Tsafe, da ta ofishin wata ƙungiyar manoma a Bungudu. Amsar da ta fito ta yi mata daɗi: sararin duk kusan ɗaya suke, wuri ɗaya ya isa. Har ta faɗa wa Farfesa haka ta waya. Shi kuwa ya ce ta turo cikakken sakamako kafin yammacin Juma'a, in ba haka ba dole ya yi amfani da lissafin wasu, sunanta ya fita daga aikin. Wurin da ake tura saƙo ta kwamfuta mafi kusa da ta sani yana Kano. Yau kuwa Laraba.

Ta koma ɗaki da gudu, Lukuman na biye. An yi sa'a akwai wuta. Ta tsayar da shirin, ta tambayi kwamfutar kwanan wata. Rubutu ya fito fari a kan baƙin gilashi: Talata, ɗaya ga Janairu, 1980.

Ta dafe kai ta zauna a bakin gado.

"Yi min bayani da Hausa," in ji Lukuman.

"Shirin nan watsa garkuna yake yi kamar mai watsa iri a gona. Amma kwamfuta ba ta san ganin dama ba, sai an ba ta lambar farawa. In ka ba ta lamba ɗaya sau ɗari, watsi ɗaya za ta yi maka sau ɗari. Ni kuwa na ce ta riƙa ɗaukar lambar daga agogonta, tunda lokaci ba ya maimaituwa."

"To, ai dabara ce."

"Na ƙara wata dabarar. Saboda ɗauke wuta, na shirya ta yadda da an kawo wuta za ta tashi da kanta ta fara sabon sarari, ba sai wani ya taɓa ta ba. Ashe batirin agogon ya mutu tun kafin a sauke tsofaffin kwamfutocin nan daga jirgin ruwa. Kullum anka kawo wuta, sai ta farka tana zaton safiyar nan ce ta 1980, ta ɗauki lambar jiya. Na Tsafe da ta Bungudu ma wurin dillali ɗaya anka saye su." Ta fara zaro takardu tana haɗawa bibbiyu a jikin taga. "Ka gani? Na Gusau duk ɗaya. Na Tsafe duk ɗaya. Na Bungudu duk ɗaya. Sarari uku ke gare ni, Yaya, suna ta maimaita kansu, kuma anka yi rashin sa'a ukun sun yi kama da juna. Ni kuma da amsa ta yi kyau ban ƙara dubawa ba."

Lukuman ya sassauta murya. "Wa ya sani ban da ni da ke? Ki tura haka nan. Turawan can za su zo Tudun Wada su ɗaga takarda a rana?"

Ta ɗago ta dube shi. "Kai da kake aiki a ma'aikatar gona, za ka auna damin gona ɗaya ka rubuta wa gwamnati cewa haka Zamfara duka ta noma?"

"Wannan daban."

"Ba daban ba ne. Madubin nan mutane ke jiran shi shekara da shekaru. Ba za a kafa shi a wuri ɗaya a kan maganata ba, alhali ban san gaskiyarta ba. Tada mota. Tsafe za mu."

Daga ɗakin ciki Inno ta ɗaga murya. "Ku biyun nan, in za ku yi faɗa ku yi shi a hanya. Bara'atu, sa takalmi."

Kafin su fita ta zauna ta yi wa shirin tiyata. Ta cire wurin da yake zana hoton kowane sarari, wanda shi ke cin rabin lokaci, ta bar ƙirga kawai da 'yan hotuna kaɗan na shaida. Ta raba shi da agogo, ta sa ya riƙa karɓar lambobin da za ta ba shi da hannu, in ya yi amfani da ɗaya ya soke ta.

Suka wuce Kwatarkwashi dutsen na sheƙi da ruwa, gero ya yi kore shar a gefen titi. Lukuman na tuƙi yana mita, ita kuwa leɓɓanta na motsi, tana auna ko lokacin zai kai.

Hajiya Hadiza, mace mai jiki da saurin dariya, tana bakin makarantarta tana fifita da mahuci.

"A'a! Malama mai taurari! Ba jiya munka yi sallama ba? Na ce ko yanzu faya-fayanki sun isa Kano."

Bara'atu ta gaishe ta, ta zayyana mata komai a tsaye. Hajiya ta tafa hannu.

"Wato watan nan duka da nike hana ɗalibaina taɓa na'urorin nan da rana, abu guda suke ta tuƙawa? Ni dai na ce hoton nan kullum kamar na jiya, amma na ce taurari ne, ina ruwansu da canji."

"Hajiya, ki taimake ni. Daga yanzu zuwa gobe da la'asar nike son su duka huɗun, kada su tsaya."

"Na'ura kam ga su nan. Wuta fa? Tun shekaranjiya ba mu gan ta ba. Janareto kuma ga shi can, tankinsa ya bushe ƙaƙas, gidajen mai duk sun ɗaure igiya."

Bara'atu ta juya ta dubi Lukuman. Shi kuma ya dubi sama.

"Kar ma ki fara."

"Yaya."

"Man Kano ne! Kwana na yi a layi, sauro ya gama da ni!"

"Motar haya tana zuwa Kano. Ka bar mana wanda zai kai mu Bungudu mu dawo gida."

Ya tsaya yana huci. Can ya buɗe but ɗin motar ya jawo tiyo da jarka, yana cewa, "Allah ya sa in anka gano sabon tauraro a sa mai sunana." Ya zuƙa, mai ya shiga bakinsa, ya tofar yana tari, Hajiya na dariya har da riƙe ciki.

Janareto ya tashi. Saura lambobi. Bara'atu ta ce kowa ya faɗi lambar da ta zo masa a rai.

"Dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da shida," in ji Lukuman. "Shekarar da anka ba mu jiha."

"Kai, ka riga ni!" in ji Hajiya. "Ita nike shirin faɗi."

Bara'atu ta ajiye biro. Ga matsalar tun ba a je ko'ina ba. Kan mutane a gari ɗaya lamba ɗaya yake kawowa, kuma ita kanta ba ta yarda da nata kan ba a yau. Tana bukatar lambobi masu yawa waɗanda babu wanda ya zaɓe su. Wata tirela ta wuce ta girgiza tagogin makarantar. Ta bi ta da kallo, sai ta miƙe.

Ta fita bakin babban titi ta tsaya ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, takarda a kan littafi. Duk motar da ta gifta sai ta rubuta lambarta. Motar itace, bas ɗin Funtuwa, a-kori-kura cike da buhunan taki, tankar mai da mutane suka bi da ido kamar amarya. In ta samu lambobin mota biyu sai ta haɗa su su zama ɗaya doguwa. Masu sayar da dafaffiyar gyaɗa suka fara nuna ta. Wani direba ya leƙo ya ce, "Malama, ko sabbin 'yan haraji ne?" Ta ci gaba da rubutunta.

Ana cikin haka wasu motoci uku masu baƙin gilashi, irin na manyan gwamnati, suka taho a jere da gudu, fitilunsu a kunne da rana tsaka. Ta rubuta ta farko, ta rubuta ta biyu. Ta ukun ta rage gudu, gilashin baya ya sauka kaɗan, sannan ya koma, motar ta bi 'yan'uwanta. Bara'atu ta rubuta ita ma, ta juya takarda.

Ta raba lambobin kashi uku. Ta cusa wa na'urorin Tsafe nasu, ta tsaya har ta ga kowacce ta kama hanyarta daban. Suka biya Gusau ta ba tata, ta duba Inno, suka miƙe Bungudu rana na shirin faɗuwa.

Halliru, akawun ƙungiyar manoman, ɗan kawunsu ne, taubashin Bara'atu, kuma bai taɓa barin ta ta wuce ba tare da tsiya ba. Suka same shi yana rufe kwamfutar da ƙyallen atamfa zai kulle ofis.

"Yau kuma mi anka ɓatar a sama? In tauraro ne ya ɓace, wallahi ba mu muka ɗauka ba."

"Buɗe ƙyallen nan, Halliru. Ina son injinku da ke ba kwamfutar nan wuta ya kwana yana aiki har gobe."

"Injin niƙan? Ke ko kin san shugaba ya ce kada a tada shi sai akwai hatsi a baki? In ya ji ƙara ya zo ya tarar taurari nike niƙawa, ke za ki ba ni aiki?"

"To a kawo hatsin mana. Ba ka ce min matan ƙauyen Furfuri suna jiran layi har Asabar ba? Aika masu su kawo yau da gobe. Ku yi aikin kwana uku a haɗe, man da za ku ƙona ɗaya ne."

Halliru ya sosa ƙeya. Ya dubi Lukuman. "Wagga ƙanwar taka, da ita anka ba ƙungiyar nan da mun sayi tarakta." Ya yaye ƙyallen. "Amma ki sani, in kin yi suna, ki ce wani kyakkyawan mutum a Bungudu ya taimaka."

"Zan ce wani mai surutu."

Washegari Alhamis ba ta zauna ba. Wutar Gusau ta ɗauke da hantsi ta dawo da azahar, shirin ya tashi ya ɗauki sabuwar lamba yadda ta tsara. Lukuman ya ari babur ya tafi Bungudu, ya dawo da faifai da garin masara a gashin gira. Ita ta shiga motar haya zuwa Tsafe, ta tarar janareto ya shanye man tun kafin la'asar, ya tsaya. Ta ƙirga abin da aka samu. Bai kai yadda ta so ba, amma ya isa a yi magana da shi.

Kafin magariba tana gaban kwamfutarta, Lukuman a tsaye bayanta, Inno ta sa an jawo mata kujera bakin ƙofa. Firinta ta gama kukanta. Bara'atu ta ɗauki hotuna biyu ta haɗa, ta manna su a gilashin taga inda sauran hasken rana ke shigowa.

Ɗige-ɗigen ba su hau juna ba. Na sama ya cunkushe a kusurwa ɗaya kamar kasuwa, na ƙasa kuwa fili ne fetal sai ɗaiɗai. Ta canza wasu biyu. Su ma haka. Sannan lissafin ya fito a gilashi: wani sararin ya kusa ninka wani a yawan garkunan nesa.

"To?" in ji Lukuman.

"Wuri ɗaya bai isa ba. Ko kusa. Sai an raba dararen wuri biyar." Ta sauke numfashi. "Akasin abin da na faɗa wa Farfesa ke nan."

"Zai ji haushi?"

"Wataƙila. Sai dai ya ji."

Ta jawo allon rubutu ta fara da kuskuren, ta bayyana agogon da batirin ba tare da kwana-kwana ba, sannan ta bi da sabon sakamako. Da asubar Juma'a Lukuman ya rataya jaka ya nufi tasha.

Bayan an sauko daga masallaci, har la'asar ta gota, matar maƙwabcinsu mai tarho ta leƙo ta katanga ta ce ana kiranta daga Kano. Bara'atu ta zura takalmi ta tafi. Muryar Lukuman na zuwa tana yankewa.

"Saƙo ya tafi! Mun tsaya har amsa ta dawo. Mai wurin tura saƙon ya fassara min. Farfesanki ya ce wuri biyar za su nema. Ya ce su ma yanzu za su bi nasu na'urorin su duba agogo. Sunanki na nan, na biyu a jeri. Ke, kina ji na? Ki ce wa Halliru..."

Layin ya yanke. Ta ajiye kan tarhon a hankali, ta yi hamdala, ta yi wa matar gida godiya. Barci kawai take so.

Tana fitowa ta ga mota a ƙofar gidansu, mai baƙin gilashi, tayoyinta cikin taɓon da Fijon Lukuman ta tona. Ba ta bukaci duba takarda ba, ta gane lambar. Ita ce ta ukun nan da ta rage gudu a titin Tsafe.

Wani dogon mutum cikin farar shadda yana jingine da motar. Ya cire tabarau ya ninke shi ya sa a aljihu.

"Salamu alaikum. Malama Bara'atu?"

"Wa alaikumus salam. Ni ce."

"An ce ke ce kika tsaya bakin titin Tsafe ranar Laraba kina rubuta lambobin motoci. An kuma ce yau wani ya tafi Kano ya tura wasu lambobi ƙasar waje da sunanki." Ya buɗe ƙofar baya, ya matsa gefe. "Maigidana yana son ya ji labarin taurarin nan daga bakinki."

Bara'atu ta dubi ƙofar da ke buɗe, ta dubi zauren gidansu inda Inno ke kiran sunanta. Ta gyara mayafi.

"Jira ni," ta ce. "Sai na ɗauko takardun. Kuma ka ce wa maigidan naka ya tanadi ɗaki mai taga."